Martani Ga Philip Anderson: Baƙin Rami Ma Ya Koyi Turjiya

A watan Afrilun 2013 mujallar Physics Today ta buga wata gajeriyar wasiƙa daga Philip Anderson na Jami'ar Princeton. Raddi ce ga maƙalar da Hong Liu na MIT ya rubuta a mujallar cikin watan Yunin 2012, inda ya yi bayanin yadda lissafin baƙin rami zai iya taimakawa a fahimci wasu ƙarafa da suka ƙi bin dokokin da aka sani. Anderson bai yi wata-wata ba. A ganinsa dabarar da ake kira AdS/CFT an gina ta ne a kan nazariyyar da ba ta sauya kama ko an faɗaɗa ma'auni ko an tsuke shi, wadda kuma take bin ƙa'idar Einstein ta saurin haske. Shi kuwa ƙarfe ba haka yake ba. Yana zaune wuri guda a kan teburin gwaji, kuma atam-atam ɗinsa a jere suke cikin saƙa mai ƙayyadaddiyar tazara. A taƙaice, masu nazariyyar tsirkiya sun shigo sana'ar da ba tasu ba da kayan aikin da bai dace da ita ba.

Wanda ya faɗi haka ba kanwar lasa ba ne. Ya karɓi kyautar Nobel a 1977. Shi ya nuna a 1958 cewa datti da hargitsi a cikin ƙarfe na iya tsayar da ilektron cak, har ƙarfen ya daina ɗaukar lantarki, kuma tun 1987 yake fama da waɗannan ƙarafa da ake gardama a kansu. Ya rasu a 2020 yana da shekara 96, amma wasiƙar tana nan tana yawo. Duk mai son yin fatali da wannan fanni cikin jimla biyu ita yake ɗaukowa, ya jingina da sunan mai ita. Shi ya sa ta cancanci amsa. Marigayin ya gano lagon dabarar, wato saƙar atam, wannan ban musa ba. Abin da na musa shi ne a ce wannan lago ya isa a tattara fannin a ajiye. Amsar tuhumarsa ta fara fitowa shekara guda kafin a buga wasiƙar, kuma abin da aka koya garin ba da amsar ya fi abin da aka faro da shi daraja.

Mu fara da ƙarafan. A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken IBM da ke kusa da Zurich a Siwizalan, suka gano wani haɗi mai jan ƙarfe da oksijin da ke zama sufakondakta, wato lantarki ya ratsa shi ba turjiya ko kaɗan, a zafin da ya zarce na duk abin da aka sani a lokacin. Dangin wannan haɗi ake ce wa kufret. Duniya ta ɗauki ɗumi kan batun sufakondakta, amma abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne halin kufret idan aka ɗumama shi ya fita daga wancan yanayi. Turjiyarsa tana hawa tare da zafi, a miƙe sambal. A 1987 Gurvitch da Fiory sun bi ta har Kelbin 1100, ba ta lanƙwasa ba.

A ƙarfe na al'ada ilektron yana tafiya, ya yi karo, ya sake tafiya. Paul Drude ne ya zana wannan hoto a 1900, Lev Landau kuma ya gyara shi a 1956 da cewa abin da ke tafiyar ba tsurar ilektron ba ne, ilektron ne haɗe da tasirin maƙwabtansa, wani abu tamkar ƙwaya mai tsawon rai. Hoton yana da iyaka, domin nisan da ke tsakanin karo da karo ba zai gaza tazarar atam da atam ba. Kufret ya haye wannan iyaka ko waiwaye bai yi ba. In ka lissafa lokacin da ke tsakanin karo biyu daga turjiyarsa, sai ya fito kusan lambar Planck a raba da zafi, wanda a zafin ɗaki yake wajen femtosakan 25, femtosakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Jan Zaanen na Leiden ya jawo hankali ga wannan lokaci a 2004, yana ganin shi ne mafi gajarta da dokokin kwantam za su yarda da shi. Tamkar-ƙwayar Landau tana wargajewa tun kafin ta gama haɗuwa. Irin wannan shi ne bauɗaɗɗen ƙarfe, kuma duk lissafin da ya dogara da ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ba shi da madafa a cikinsa.

Holografi, wato dabarar nan ta AdS/CFT, daga wata unguwa ya fito. A 1997 Juan Maldacena ya kawo hasashen cewa wasu nazariyyoyi na ƙwayoyi masu tsananin cuɗanya da juna suna da abokin tagwaitaka: girabitin Einstein a sararin da ya ɗara nasu da fuska ɗaya. Abin da yake zafi a wannan gefe, baƙin rami ne a wancan. Tambayar da ta gagara a nan sai ta koma tambayar yadda wata 'yar girgiza ke faɗawa cikin ramin, wadda ɗalibin digiri na uku zai iya warwarewa. Nasarar farko ta zo ne a kan kaurin ruwa. Policastro, Son da Starinets a 2001, sannan Kovtun, Son da Starinets a 2005, sun samu cewa kauri a raba da entirofi yana ba da lamba ɗaya a samfurori masu yawa, kusan 0.08. A shekarar 2005 ɗin ne masu injin RHIC a Brookhaven ta Amurka, inda ake gwara ƙwayoyin zinariya, suka sanar cewa filasmar kwak da guluwon da suke samarwa tana kwarara kamar ruwa, kuma ƙiyasin da aka yi ta yi daga baya ya faɗa tsakanin wajen 0.08 da 0.2. Lissafin da ya ɗauka cuɗanyar mai rauni ce ya ba da lamba mafi girma nesa ba kusa ba. To amma a filasma momentom, wato nauyin abu a ninka da gudunsa ta alƙiblar da ya dosa, ba ya ɓacewa, bazuwa kawai yake yi daga sashe zuwa sashe. A ƙarfe labari ya sha bamban, kuma nan ne gardamarmu take.

Kashi biyu na tuhumar Anderson, wato batun ma'auni da na ƙa'idar saurin haske, ba za su ɗauke mu lokaci ba. Da zarar ka zuba caji a cikin samfurin holografi, ka ba shi zafi, ka riga ka ba shi ma'auni, ka kuma zaunar da shi wuri guda. Baƙin rami mai caji, wanda shi Hong Liu ya yi aiki da shi, a can ƙasan zafi lokaci ne kaɗai ke miƙewa da tsukewa a cikinsa, sarari bai bi ba, abin da ya yi hannun riga da ƙa'idar saurin haske. Tun 2008 ma Dam Son, da Balasubramanian da McGreevy, da Kachru, Liu da Mulligan suka gina samfurori da ba sa bin wannan ƙa'ida tun daga tushe. Sunan dabarar ya tsaya a inda aka raɗa shi a 1997, aikin ya yi gaba.

Kashi na uku, saƙar atam, shi ne mai nauyi. Ɗauki babbar mota cike da fasinjoji a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya marar gangara, direba ya kashe inji tana cikin gudu. Fasinjoji su kaure da kokawa, wannan ya hankaɗe wancan, wancan ya rama. Motar ba za ta rage gudu don wannan ba, domin duk turin da ɗaya ya yi ɗan'uwansa ne ya karɓa, yana nan cikin mota bai fita ba. Abin da zai tsayar da ita dole daga waje ya zo: ramukan hanya, yashi, gogayyar taya da kwalta. Haka ilektron suke. Komai tsananin karon da suke yi da juna, in dai kwararar caji tana tafe da momentom, wannan karo ba zai haifar da turjiya ba sai an sami wanda zai karɓe momentom ɗin: datti, girgizar atam, ko ita kanta saƙar. Rudolf Peierls ya gane haka tun 1929 sa'ad da yake nazarin tafiyar zafi a cikin kiristal.

Samfurorin holografi na farko sumul suke, ba saƙa ba datti. Saboda haka duk mai caji a cikinsu turjiyarsa sifili ce, ba don ya zama sufakondakta ba, sai don babu abin da zai tare shi. Hatta maƙalar da Faulkner, Iqbal, Liu, McGreevy da Vegh suka buga a mujallar Science a 2010, wadda ta samo turjiya mai hawa a miƙe da zafi, ta same ta ne ta hanyar kallon 'yan tsirarun ƙwayoyi da ke zubar da momentom ɗinsu cikin wani makeken tafki na sauran ƙwayoyi. In ka haɗa tafkin cikin lissafi, gaba ɗayan abin yana sulalewa ba turjiya. A nan Anderson ya yi gaskiya, kuma wanda ya ce ba haka ba bai karanta takardun da kyau ba.

Sai dai a duba kwanan wata. A watan Janairun 2012 Sean Hartnoll da Diego Hofman suka lissafa yadda saƙa mai rauni ke tsotse momentom a hankali daga baƙin rami mai caji. A watan Afrilun 2012, shekara guda cur kafin wasiƙar, Gary Horowitz, Jorge Santos da David Tong suka sassaƙa saƙa mai maimaita kanta a gefen sararin, suka warware lissafin Einstein da kwamfuta. Turjiya ta fito da ƙayyadaddiyar lamba, kuma a ƙananan mitoci, wato idan lantarkin na kai-komo a hankali, amsar ta ɗauki siffar da Drude ya zana, alhali babu tamkar-ƙwaya ko ɗaya a cikin lissafin. A Janairun 2013 David Vegh ya gano gajeriyar hanya, cewa in aka ba girabiton, wato ƙwayar girabiti, nauyi, daidai yake da an hana momentom dawwama. Kafin shekarar ta ƙare Aristomenis Donos da Jerome Gauntlett sun fito da tasu saƙar, Tomás Andrade da Benjamin Withers kuma sun fito da samfurin da ake warwarewa da biro da takarda.

Amsar Andrade da Withers ta cancanci a tsaya a kanta. Ga abu mai tsawo da faɗi kawai, sauƙin wucewar lantarki ya fito 1 + μ²/α². Harafin μ yana auna yawan cajin da aka cusa, α kuma yana auna yadda muhallin ke tsotse momentom. Rage α zuwa sifili, kashi na biyu ya tafi ba iyaka, mun koma gidan jiya. Ƙara α sosai, kashi na biyu ya narke, amma 1 ɗin nan yana nan daram. Babu ruwansa da momentom. Yana fitowa ne daga caji masu kishiyantar juna da ke tafiya ɗaya gabas ɗaya yamma, lantarki na gudana amma jimillar momentom sifili ce. Lissafin Drude kashi ɗaya gare shi, wannan kuwa biyu. Richard Davison da Blaise Goutéraux sun nuna daga baya cewa rabon bai kai haka sauƙi ba, domin sassan biyu suna shiga cikin juna, amma sun tabbatar da asalin maganar, sun kuma bi diddigin sauyin: muddin momentom na daɗewa, zafi yana tafiya kamar sauti, idan kuwa saurin ɓacewarsa ya kai girman zafin kansa, sai tafiyar ta koma bazuwa zalla. A kan wannan yanayi na biyu Hartnoll ya gina shawararsa ta 2015 cewa turjiyar bauɗaɗɗun ƙarafa tana iya zama alamar wata iyaka da kwantam ya sa wa saurin bazuwa. Ko shawarar ta tabbata ko ba ta tabbata ba, tambaya ce da mutum ba zai iya ko tsara ta ba in yana tsaye cikin hoton Drude.

Ba zan ɓoye abin kunyar da ya faru a tsakani ba, domin yana cikin hujjata. Horowitz da abokansa sun ba da rahoton cewa a matsakaitan mitoci amsar samfurinsu tana sauka da ƙarfin kashi biyu cikin uku na mita, lambar da ta yi kusa ƙwarai da wadda Dirk van der Marel da abokan aikinsa suka auna a kufret a 2003. An yi ta murna, an yi ta ambaton abin a tarurruka. A 2014 Donos da Gauntlett suka sake lissafin da kyau, suka ce ba su ga alamar wannan doka ba. Magana ta mutu. Mai adawa zai ce ga irinta nan. Ni kuwa abin da na gani shi ne da'awa mai lamba, wadda wani ya iya bincikawa ya rushe cikin shekara biyu, kuma 'yan gida ne suka rushe ta. A fagen kufret, inda nazariyyoyi ke shekara talatin ba su mutu ba ba su warke ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka aka yi da lambar nan 0.08 da aka so a mayar iyakar da ba a ƙetarewa: a 2016 Hartnoll, Ramirez da Santos, da wasu ƙungiyoyi biyu, suka nuna cewa da zarar momentom ya fara zurarewa, lambar tana faɗuwa ƙasa da haka.

Sakamakon da na fi ɗauka da muhimmanci ya zo a 2015. Donos da Gauntlett suka tabbatar cewa ga kowace irin saƙa, mai ƙarfi ko mai rauni, mai tsari ko hargitsattsiya, ana samun turjiyar lantarki da ta zafi ta hanyar warware lissafin Stokes, wato lissafin ruwa mai kauri da ke tafiya sannu, a kan gaɓar baƙin ramin, iyakar da in an wuce ta ba dawowa. Tun 1978 Thibault Damour da Roman Znajek suka lura cewa gaɓar baƙin rami tana yin kamar fata mai turjiyar om 377, amma an daɗe ana kallon wannan a matsayin dabarar sauƙaƙa tunani. Yanzu ya zama tabbataccen lissafi game da abu mai saƙa, mai caji, mai zafi.

Akwai kuma wurin da holografi ya yi wa Anderson kansa aiki. In ka sa ƙarfe cikin maganaɗisu, lantarkin da ke ratsa shi yana karkacewa gefe, kusurwar karkacewar ake kira kusurwar Hall. A ƙarfe na al'ada lokaci ɗaya ne ke juya turjiya da wannan kusurwa, don haka tare suke sauyawa da zafi. A 1991 Chien, Wang da Ong, a Princeton ɗin, suka auna kufret suka tarar turjiya na bin zafi, kusurwar Hall kuwa na raguwa da murabba'in zafi. Anderson ne ya fito a shekarar ya ce lallai lokuta biyu ne daban ke aiki. Mutane da yawa sun yarda da lurar, amma sun kasa ganin yadda abu ɗaya zai riƙe agogo biyu. A 2015 Mike Blake da Donos suka nuna hanya. Caji masu kishiyantar juna da ke tafiya gabas da yamma, maganaɗisu gefe ɗaya yake tura su duka, sai lantarkinsu na gefe ya kashe juna. Saboda haka wancan kashi na farko, wato 1 ɗin Andrade da Withers, yana shiga turjiya amma ba ya shiga kusurwar Hall, ita kusurwar tsotsewar momentom kaɗai take ji. Ga lokuta biyu daga lissafi ɗaya, ba tare da an cusa su da hannu ba.

Nan ma kada a yi azarɓaɓi. Nuna cewa abu mai yiwuwa ne daban, fito da lambobin kufret daban. Davison, Koenraad Schalm da Zaanen sun samu turjiya mai bin zafi a miƙe a 2014 daga samfurin Gubser da Rocha, saboda a can turjiya tana bin entirofi, entirofi kuma yana bin zafi. Amma a 2023 Ahn, Baggioli, Jeong da Kim suka gwada samfurin da maganaɗisu, suka nuna bai ba da kusurwar Hall ta kufret ba. Har yau babu samfurin holografi guda da masana suka yarda ya haɗa dukkan bauɗewar kufret. Duk wanda ya ce maka baƙin rami ya warware kufret ya faɗi son ransa.

To in haka ne, me ya rage na martanina? Ma'aunin da aka yi hukunci da shi. Anderson ya auna holografi a matsayin hoton kufret, ya ga bai yi kama ba. Amma amfaninsa a wani wuri yake. Lissafin Boltzmann, wanda da shi ake koyar da tafiyar lantarki a kowace jami'a, sai da tamkar-ƙwaya yake aiki. Kwamfuta kuwa, in aka ba ta ilektron masu yawa masu cuɗanya, tana cin karo da matsalar alamar ƙari da ragi, inda lambobi ke kashe juna har amsa ta nutse cikin hayaniya. Wanda yake son ya san yadda lantarki da zafi ke tafiya a inda babu ƙwaya mai tsawon rai, misalan da zai iya warwarewa har ƙarshe ba su taka kara sun karya ba. Holografi ya ba shi su da yawa. Babu maganaɗisun da yake daidai da samfurin Ising, amma da Lars Onsager ya warware shi a 1944 aka ga cewa tsohuwar hanyar ƙiyasi tana ba da lambobi na kuskure a bakin sauyin yanayi, aka kuma san abin da ya kamata sabuwar nazariyya ta fitar. Shi kansa samfurin Anderson na 1958 ilektron ɗaya ne ke tsalle daga atam zuwa atam, an jefar da turin da ilektron ke yi wa juna gaba ɗaya. Da an yi masa hukunci da ma'aunin da ya yi wa wasu, da bai kai labari ba.

Kuma akwai inda aka kai maganar ɗakin gwaji. A 2007 Hartnoll, Pavel Kovtun, Markus Müller da Subir Sachdev suka rubuta lissafin tafiyar lantarki da zafi a ruwan kwantam mai ɗan datti, suka gwada shi a kan baƙin rami mai caji da maganaɗisu suka ga ya tsaya. A 2016 Jesse Crossno da abokansa, tare da Philip Kim na Harvard da Kin Chung Fong, suka ɗauki girafin mai tsabta, wato fallen kabon mai kaurin atam ɗaya, suka daidaita shi yadda ilektron da guraben da suka bari suka yi kunnen doki. Tun 1853 aka san dokar Wiedemann da Franz, cewa ƙarfen da ya iya ɗaukar lantarki ya iya ɗaukar zafi gwargwadon haka. Girafin ɗin ya karya dokar da kusan ninki 20. Dalilin shi ne dai batun momentom. In ka ɗumama gefe ɗaya, ilektron da gurabe alƙibla ɗaya suke dosa, suna ɗauke da momentom, karonsu da juna ba ya rage komai, sai zafi ya wuce salin-alin. In ka sa lantarki kuwa, gaba da gaba suke haɗuwa, kowane karo yana rage gudu. Andrew Lucas, wanda ya yi lissafin da ya dace da ma'aunin, daga nazarin hargitsattsun samfurorin holografi ya ɗauko hanyarsa. Na san abin da za a ce: girafin ba tagwayen wani baƙin rami ba ne, tsohon lissafin Boltzmann ma yana iya kaiwa ga amsar, kuma ilektron ɗinsa dama suna kwaikwayon ƙa'idar Einstein, saɓanin na kufret. Duk gaskiya ne. Amma tambayar da aka yi wa girafin, da siffar amsar da aka sa rai, an fara gwada su ne a kan baƙin rami. Haka kuma nazariyyar da Patel, Guo, Esterlis da Sachdev suka buga a Science a 2023, wadda ba ta da girabiti ko kaɗan a cikinta, ta taso ne daga samfurin Sachdev, Ye da Kitaev mai dangantaka da baƙin rami mai caji, kuma ginshiƙinta shi ne a fayyace inda momentom ke zurarewa.

Da ni ne mai adawa, da wani wuri zan kai hari. Girabitin Einstein yana fitowa tsaf ne kawai idan nau'o'in ƙwayoyin da ke wancan gefe sun yi yawa ba iyaka, alhali ilektron na kufret fuska biyu kawai juyinsa yake da su. Wannan yawa yana danne katsalandan ɗin igiyoyin kwantam, wanda a kansa binciken Anderson na 1958 ya tsaya. A 2015 Grozdanov, Lucas, Sachdev da Schalm suka tabbatar cewa a mafi sauƙin samfurori, komai yawan dattin da ka zuba, sauƙin wucewar lantarki ba ya sauka ƙasa da wancan 1 ɗin. Ko dai tsananin cuɗanya yana hana ilektron tsayawa cak da gaske, ko kuwa yawan nau'o'in ne ya rufe mana ido. Sannan uwar kufret, kafin a yi mata gauraye, ba ta ɗaukar lantarki sam, saboda ilektron sun cushe ɗaya a kowane atam na jan ƙarfe sun hana juna motsi, yanayin da Nevill Mott ya bayyana. Holografi yana da hanyoyinsa na tsayar da lantarki, Donos da Hartnoll sun gina ɗaya a 2013 inda saƙar ke ƙara ƙarfi yayin da zafi ke sauka, amma wannan ba ta Mott ba ce, ba kuma ta Anderson ba. Tun 1995 Yoichi Ando, Greg Boebinger da abokansu suka kashe yanayin sufakondakta a kufret mai ƙarancin gauraye da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 60, suka ga turjiya ta juya tana hawa sannu a hankali yayin da ake ƙara sanyi. Duk mai da'awar ya fahimci kufret, da baƙin rami ya zo ko da nazariyyar marigayin, sai ya fitar da wannan hawa daga lissafinsa.